Ɓatanci: Wa Ke da Ikon Tambaya, Wa Ke da Ikon Hukunci?

Labarin ɓatanci ba ya zuwa ƙauye a rubuce. A murya yake zuwa, sautin minti ɗaya ko biyu da wani ya turo wa wani ta WhatsApp, shi kuma ya kunna a teburin mai shayi ko a rumfar mai cajin waya, kafin la'asar sakaliya rabin gari ya ji. Wanda ya saurara bai san wa ya yi maganar ba, bai san me aka faɗa kafinta ba, bai san ko yanko ta aka yi daga tsakiyar dogon karatu ba. Abin da ya shiga kunnensa shi ne an taɓa janibin Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa jikin mutumin Kano ko Jigawa ya ɗau tsuma. Ban ga laifin wannan ba, ni ma haka nake ji. Mutanen da suka tashi suna jin Ishiriniya a bakin kakanninsu, waɗanda ko rigima ake yi aka ce "ku yi wa Annabi salati" sai kowa ya sassauta, ba za a ce su ji an zage shi su yi kamar ba su ji ba.

Damuwata tana kan abin da ke biyo baya. Abubuwan da malamanmu na da suka zauna suka rarrabe da kyau, mu mun cakuɗa su. Ɗalibin da ya yi tambaya don abu ya shige masa duhu, malamin da ya saɓa wa wani malami a fahimtar hadisi, Kiristan da ya faɗi abin da addininsa ya ce, mai taɓin hankali, baƙon da Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, da wanda ya tashi da gangan ya yi zagi don ya ƙona zukata, duk tuhuma ɗaya ake jifansu da ita. Da zarar kuwa an furta ta a bainar jama'a, da wuya a samu mai cewa "ku dakata mu ji", domin shi ma yana tsoron a ce da shi aka haɗa baki.

Abin da ke rubuce a doka

Mutane da yawa sun ɗauka dokar ɓatanci tare da dawowar shari'a ta zo. Ta girme ta nesa ba kusa ba. Kundin Final Kod da Jihar Arewa ta fara aiki da shi a 1960, zamanin Sardauna, yana da sashe na 210, wanda ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tara, ga wanda ya ci mutuncin wani addini ta hanyar da za ta iya tayar da hankalin jama'a. Kowane addini ake nufi, ba Musulunci kaɗai ba. Kudu ma suna da irinsa a sashe na 204 na nasu kundin. Abin da ya sauya shi ne, bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999, Kano da Jigawa suka bi sahu a 2000, sai kundin laifuffukan shari'a na Kano ya zo da sashe na 382(b), wanda ya ce kisa ne hukuncin wanda ya zagi Alƙur'ani ko wani daga cikin annabawa a bainar jama'a. A ɗaya gefen ga tsarin mulkin 1999: sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini har da sauya shi, na 39 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, na 45 kuma ya yarda a taƙaita waɗannan saboda zaman lafiya da tarbiyyar jama'a. Kowane lauya sai ya ɗauki wanda ya dace da ɓangarensa.

A ranar 10 ga Agustan 2020, babbar kotun shari'a da ke Hausawa Filin Hoki ta yanke wa wani matashin sha'iri, Yahaya Sharif-Aminu, hukuncin kisa saboda waƙar da ya tura a WhatsApp, wadda aka ce ya ɗaukaka Shehu Ibrahim Inyass a cikinta sama da Annabi. Tun kafin a kama shi an riga an ƙona gidan iyayensa. A ranar, a kotun, aka yanke wa wani yaro ɗaurin shekara 10 saboda maganar da ta fito daga bakinsa yana gardama da abokinsa. Dukansu ba lauya. A Janairun 2021 babbar kotun jiha ta sallami yaron, ta soke hukuncin Yahaya, ta ce a sake shari'ar daga farko. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a Agustan 2022, ta kuma ce dokar shari'ar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, alƙalai biyu suka rinjayi ɗaya. Daga nan magana ta wuce Kotun Ƙoli. Shi kuwa Mubarak Bala, wanda ya fito fili ya ce ya bar addini gaba ɗaya, babbar kotun jiha ce ta ɗaure shi shekara 24 a Afrilun 2022 kan rubuce-rubucensa a Facebook, aka rage zuwa shekara 5 a 2024. A Afrilun 2025 kotun ECOWAS ta ce sashe na 210 da na 382(b) na dokokin Kano sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, gwamnatin Kano kuma ta nuna ba ta da niyyar sauya su.

Shari'ar da ta fi rikita mutanen karkara ita ce ta Sheikh Abduljabbar Nasiru Kabara, domin a nan babu wanda ya ce ba ya son Annabi. Shi cewa yake yi kare Annabi yake daga wasu ruwayoyi da yake ganin sun zubar da darajarsa. Malaman da suka kai ƙorafinsa suka ce munanan kalmomin da yake furtawa nasa ne, babu su a littattafan da yake jingina wa. An hana shi wa'azi a Fabrairun 2021, an yi muƙabala ranar 10 ga Yuli ƙarƙashin jagorancin Farfesa Salisu Shehu, wanda ya ce bai amsa tambayoyin da aka yi masa ba, shi kuma ya ce lokacin da aka ba shi ya yi kaɗan. Ranar 15 ga Disamban 2022 kotun shari'a ta Ƙofar Kudu ta yanke masa hukuncin rataya, ya ɗaukaka ƙara. Ni dai lafuzzan da na ji a karatuttukan nan ba zan iya maimaita su ba ko ni kaɗai ne a ɗaki. Amma zaman muƙabalar kansa ya burge ni: an ajiye littattafai a kan tebur, an ce buɗe ka nuna mana. Haka muka gada.

Shafin Ashafa da ba a cika karantowa ba

Ba zan yaudari mai karatu in ce babu hukuncin kisa a fiƙihunmu ba. Yana nan ɓaro-ɓaro. Duk wanda ya yi karatun zaure har ya kai ƙarshen Risala ya san ta ce wanda ya zagi Manzon Allah a kashe shi, ba a karɓar tubarsa. Shi ne mashahurin zancen Malikiyya, kuma Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 544 bayan Hijira, ya ware kashi na huɗu na littafinsa Ashafa kacokan don wannan mas'ala. Ashafar nan ita ce wadda ake karantawa da azumi a masallatai da zauruka, dattawa suna share hawaye idan an zo kan siffofin Annabi da halayensa.

To amma wanda ya bi kashin nan a hankali zai ga alƙali ne yake rubuta wa alƙalai. Ya kasa maganganu gida-gida: akwai zagi ƙarara, akwai maganar da za ta iya ɗaukar ma'ana biyu wadda malamai suka yi saɓani a kanta, akwai wanda ya ɗauko maganar wani ya faɗa don ya yi raddi ko ya ba da shaida. Ya kawo ruwayar da aka samu daga Imamu Malik kansa cewa a nemi mai zagin ya tuba. Sannan ya zo kan shaida, ya ce idan shaida ba ta cika ba, kamar a ce mutum ɗaya ne ya ji, ko taron mutanen da ba a tabbatar da adalcinsu ba, to an tunkuɗe kisa, sai shugaba ya duba ya yi horon da ya dace. A sake karanta wannan. Taron jama'a masu ihu a bakin kasuwa, a wurin Alƙali Iyal, ko a gaban kotu ba su isa a zubar da jini da maganarsu ba, balle su zama su ne masu ƙara, su ne shaidu, su ne alƙalai, su ne haunin.

A sauran mazhabobi ma akwai magana. Ibnu Abidin, babban malamin Hanafiyya na Sham da ya rasu a 1836, ya rubuta littafi guda don ya tabbatar da cewa a mazhabarsu ana karɓar tubar wanda ya yi zagi. Ba ƙaramin mai son Annabi ba ne, kuma babu wanda ya ce ya yi ɓatanci don ya faɗi haka.

Masu kare kisan taro suna yawan kawo hadisin makahon da ya kashe baiwarsa saboda ta dage da zagin Annabi. Hadisin yana cikin Abu Dawuda. Sai dai a ƙarasa shi: da gari ya waye Annabi ya tara mutane, ya ce wanda ya yi wannan aiki ya miƙe, ya saurari bayaninsa, sannan ya yanke hukunci. Shugaba ne ya bincika, kuma shugaban da wahayi yake sauko masa. A Madinar nan dai Abdullahi ɗan Ubayyu ya faɗi maganar da Alƙur'ani ya kawo a Suratul Munafiƙun, Sayyidina Umar ya nemi izinin sare kansa, Annabi ya ce a ƙyale shi, kada mutane su ce Muhammadu yana kashe sahabbansa. Malamai sun ce haƙƙinsa ne ya yafe, kuma wani ba zai yafe a madadinsa ba. Na yarda. Amma ko Umar izini ya nema, bai zare takobi da kansa ba. Fuƙaha'u suna da suna ga wanda ya zartar da haddi ba da izinin shugaba ba, suna kiransa iftiyati, shiga hurumin hukuma, kuma laifi ne da ake hukunta mai yin sa.

Abin da ya faru a ƙasa

Tun daga 1999 zuwa yau babu mutum ɗaya da hukuma ta kashe a Najeriya saboda ɓatanci. Hukuncin sai ya bi matakan ɗaukaka ƙara, sai kuma gwamna ya sa hannu. Waɗanda suka mutu a kan wannan tuhuma, a titi suka mutu. A Dutse a Satumban 2006 an ƙona coci-coci saboda maganar da aka ce wata mata ta yi. A Tudun Wada a 2007 daga makarantar sakandare abin ya tashi, aka rasa rayuka. A Bichi a Nuwamban 2012, wani tela Kirista ne aka ce ya yi tuntuɓen harshe wajen faɗin sunan wani ɗinki, kafin a tantance me ya faɗa gari ya kama kamar wuta a dangar kara da hunturu. A Yunin 2016 aka kashe wata 'yar kasuwa mai shekara 74 a Ƙofar Wambai, aka kama mutum biyar, kafin shekarar ta ƙare aka sallame su. A Mayun 2022 ɗalibai suka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, Sarkin Musulmi ya yi Allah wadai, amma mutum biyun da aka gurfanar ba da tuhumar kisa aka kai su ba. Shekara guda bayan nan, a Sakkwaton dai, aka jefe Usman Buda, mahauci, Musulmi, daga gardama da abokan sana'a a mahauta.

Wanda ya zauna a ƙauye ya san abin da ke ƙarƙashin irin wannan wani lokaci: rikicin iyakar gona, bashin da aka kasa biya, rumfar kasuwa da wani yake ƙyashi, neman aure da aka kasa wani. Tuhumar da ba ta bukatar hujja, wadda kuma ba a iya kare kai daga gare ta, dole mai mugun nufi ya yi kwaɗayinta.

Mu kuma mun ɗanɗana ɗacin hukuncin taro daga ɗaya ɓangaren. A ƙarshen Maris na 2025 aka tare motar mafarauta 'yan Kano a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar dawowa gida sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 aka ƙona. Da yawansu daga yankin Bunkure suke. Abin da iyayensu da matansu suka yi ta faɗa, da mu duka, shi ne: ko da ana zarginsu, me ya hana a miƙa su ga hukuma? Tambayar daidai take, kuma ba ta sauyawa don wanda aka kama Kirista ne a Sakkwato ko tela ne a Bichi.

Shin addini abin tambaya ne?

Na taɓa zama a wani zaure a ƙauyenmu bayan magariba ana ɗaukar karatu, fitilar caji a tsakiya, kowa da littafinsa a cinya. Wani yaro ɗan sakandare da ya zo hutu ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, idan Allah ya riga ya rubuta wanda zai shiga wuta tun ba a haife shi ba, to shi mene ne laifinsa?" Wani babban ɗalibi ya daka masa tsawa: "Kai! Yi istigfari. Ka san abin da kake faɗa kuwa?" Yaron ya sunkuyar da kai. Malam ya cire tabarau ya ajiye a kan buzu, ya ce, "Ƙyale shi. Matso nan, ɗana." Ya tambaye shi, da zai taho zauren nan ɗauko shi aka yi ko da ƙafarsa ya zo. Yaro ya ce da ƙafarsa. Ya ce to Allah ya san za ka zo tun kafin a halicci ƙafar, amma ka ji an ja ka? Daga nan ya ba shi labarin ranar da Annabi yake zaune a maƙabartar Baƙi'a wajen jana'iza, ya ce kowa an rubuta mazauninsa, sahabbai suka ce ya Manzon Allah, ba sai mu dogara da abin da aka rubuta mu bar aiki ba? Ya ce ku yi aiki, kowa ana sauƙaƙe masa abin da aka halicce shi dominsa. "Ka ga," in ji Malam, "tambayarka waɗanda suka fi mu sun riga ka yin ta, kuma ba a kore su ba."

Irin wannan malami yana ƙaranci, irin wannan yaro kuwa yana ƙaruwa, kuma yanzu da waya a aljihunsa. Idan aka daka masa tsawa a zaure, tambayar ba ta mutuwa. Zai kai ta Facebook ko TikTok cikin dare, inda akwai masu jiran irinsa, wasu 'yan haƙiƙa masu wuce gona da iri, wasu masu cewa babu Allah gaba ɗaya, wasu masu kafirta kowa. Su za su saurare shi har ƙarshe ba tare da sun ce ya yi istigfari ba.

Alƙur'ani bai ji tsoron tambaya ba. Ya kawo maganganun masu ƙaryata shi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka ce Annabi mahaukaci ne, mawaƙi ne, tatsuniyoyin mutanen farko yake kawowa, ya amsa musu, kuma muna karanta maganganun nasu a cikin salla. Ya ce wa masu jayayya ku kawo hujjarku in kun kasance masu gaskiya. Annabi Ibrahim ya ce Ubangiji nuna mini yadda kake rayar da matattu, aka ce ba ka yi imani ba ne, ya ce na yi, don dai zuciyata ta natsu, aka nuna masa. Sahabbai sun zo suna cewa muna jin wani abu a zukatanmu da ba za mu iya furtawa ba, Annabi ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Gaskiya ne akwai tambayar ƙure, wadda mai ita ba sani yake nema ba, kuma Imamu Malik ya sa an fitar da mutumin da ya tambaye shi yadda Allah ya daidaita a kan Al'arshi. Sai dai sai da ya ba shi amsa tukuna, amsar da har yau ake karantarwa.

Tarihinmu na nan gida ma da jayayya aka gina shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya saɓa wa malaminsa da yake matuƙar girmamawa, Malam Jibrila ɗan Umaru, a kan kafirta mai saɓo, kuma a rubuce ya yi. Ya yi ta rubutu yana yaƙar ɗaliban tauhidi da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo dalilai irin na malamai ba. Da Shehu Alkanemi na Borno ya aiko da wasiƙu yana ƙalubalantar halaccin jihadin kansa, Muhammadu Bello ya amsa masa, kuma ya kwafe hujjojin abokin jayayyar tasa ya sa a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, inda muke karanta su har yau. A zamaninmu kuwa, tun kafuwar Izala a Jos a 1978 babu ƙauyen da bai ga muhawara a kan maulidi da Salatul Fatihi da ƙabalu da sadalu ba. Abin da ɗan Izala yake faɗa a wa'azi ƙalubale ne ga abin da ɗan ɗariƙa ya ɗauka da tsarki, haka nan akasin haka. In da ƙalubalantar aƙida laifi ne, da babu mai wa'azin da zai kwana a gidansa.

Ga kuma maƙwabtanmu. A Sumaila da Tudun Wada da Rogo akwai Hausawa Kiristoci da Maguzawa, kasuwarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya. Kiristan da ya ce shi bai yarda Muhammadu annabi ba ne, addininsa ya faɗa, kamar yadda limaminmu yake faɗa a lasifika cewa Annabi Isa ba ɗan Allah ba ne kuma ba a gicciye shi ba, alhali wannan shi ne ginshiƙin nasu addinin. Risalar nan da ta yi tsanani, da ta zo kan wanda ba Musulmi ba, sai ta sa sharaɗi: sai in ya yi zagi da abin da ba shi ne asalin kafircinsa ba. Wato ta bambanta faɗin aƙida da cin mutunci. Mu ma an ɗora mana namu nauyin a Suratul An'am, aya ta 108, cewa kada mu zagi abin da wasu suke bauta wa, don kada su zagi Allah bisa jahilci. Masu wa'azin kasuwa da yawa sun manta da wannan aya.

Masu cewa a buɗe ƙofa gaba ɗaya

Akwai masu ganin ko zagin ma a ƙyale, hukuma ta cire hannunta. Hujjarsu mafi ƙarfi daga tarihin annabawa suke ɗauko ta: da Ƙuraishawa suka je wurin Abu Ɗalib, ƙararsu ita ce ɗan ɗan'uwanka ya zagi allolinmu, ya aibata addininmu, ya wautar da hankulanmu. Da dokar Makka ta yi aiki, da an rufe bakin gaskiya da sunan kare addini. Don haka, in ji su, duk dokar da ta hana taɓa abin da masu rinjaye suka tsarkake, wata rana mai gaskiya za ta kama. Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce ta sa nake cewa ƙofar hujja dole ta zauna a buɗe ga kowa, har da wanda ya bar addini.

Inda na rabu da su shi ne ɗaukar da suka yi cewa izgili da hujja abu ɗaya ne. Zanen izgili ga Annabi da wata jaridar Denmak ta buga a 2005 ba ya ɗauke da wata hujja da malami zai zauna ya warware, wulaƙanci ne ga mutanen da suke 'yan tsiraru a ƙasar. Turawan ma ba su bar baki sakaka ba. Musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa laifi ne a Jamus da Faransa. A 2018 kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta goyi bayan hukuncin da Ostiriya ta yi wa wata mata da ta ci mutuncin Annabi. Ingila ta soke dokar ɓatancinta a 2008, Denmak ta soke tata a 2017, amma da ƙona Alƙur'ani ya yi yawa sai ga ta a Disamban 2023 ta kafa dokar hana wulaƙanta littattafan addini. Kowace al'umma tana da abin da ba ta yarda a taka ba.

Sai dai masu ganin tsananin doka shi ne maganin tarzoma su dubi Pakistan. Tun 1986 sashe na 295-C ya shigo da hukuncin kisa, amma kisan titi bai tsaya ba. A 2011 mai gadin gwamnan Punjab, Salman Taseer, ya harbe shi saboda ya nemi a gyara dokar. A 2017 ɗalibai suka kashe ɗan'uwansu Mashal Khan a jami'a, bincike ya zo ya nuna bai yi ɓatancin ba. Mu ma dokarmu tana nan tun 2000, ba ta hana Bichi da Ƙofar Wambai faruwa ba.

Abin da nake gani ya rage mana a Kano da Jigawa ba ya bukatar jiran Kotun Ƙoli. Majalisun jihohin biyu za su iya zama da malamai da lauyoyi su fayyace a rubuce mene ne zagi, su fitar da tambaya da muhawarar ilimi da faɗin aƙidar wani addini daga cikinsa, su wajabta lauya da duba lafiyar ƙwaƙwalwa da shaidu adilai, su hana gurfanar da yaro, su kuma tanadi hukunci mai tsanani ga wanda ya yi ƙagen ɓatanci. Malaman da ke karanta Ashafa da azumi su kai mu har shafin shaida, su fassara shi da Hausa a lasifika. Dagaci da mai unguwa da liman su san tun yau gidan da za a shigar da wanda ake tuhuma da lambar da za a kira, domin in taro ya riga ya haɗu babu lokacin shawara. Wanda kuma ya ɗauki dutse ko fetur ya kashe rai, a gurfanar da shi da tuhumar kisan kai, da sunansa, a kotun da ke garin da ya yi aikin.